Babi na Shida: Rubutun Zuciya da Masu Karanta Shi

Masuntan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wani kifi mai taushin jiki da santsi, wanda ake kira minjirya, wanda idan mutum ya kuskura ya kama shi cikin ruwa sai ya ji wata irin girgiza ta ratsa shi tun daga yatsu har kafaɗa, hannu ya mace masa na ɗan lokaci, ya saki kifin ko yana so ko ba ya so. Malamin nan likita, Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar wajen shekarar 1200, ya siffanta wannan kifi cikin abubuwan al'ajabi da ya gani a kogin Nilu. Amma sai bayan ƙarnuka masu yawa aka tabbatar cewa abin da ke fitowa daga jikin minjirya jinsinsa ɗaya da walƙiyar da ke tsaga hadari da damina, kuma cewa Allah Maɗaukakin Sarki bai keɓance wannan kifi da shi ba, domin kowace halitta mai jijiya da tsoka tana da nata rabon. Bambancin dai na gwargwado ne. Na minjirya yakan kai ɗaruruwan bolt. Wanda zuciyar ɗan Adam ke aikowa bisa fatar jikinsa kuwa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ba, watau batirin tocila guda ya ninka shi sau 1,500.

Abin da za mu bayyana a wannan babi shi ne yadda aka yi aka kama wannan ɗan ƙanƙanin lantarki aka rubuta shi a takarda, da hikimar da ta sa ake liƙa wa majinyaci maɓallai goma a samu layi goma sha biyu, da kuma dalilin da ya sa al'amarin ya shafi mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura fiye da yadda za a zata.

Inda lantarkin yake fitowa

Likitocin Musulunci na dā sun dogara ne ga yatsunsu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani cikin littafinsa al-Ƙanun a kan bugun jijiya, ya rarraba shi bisa ga ƙarfinsa da saurinsa da daidaituwarsa, kuma har yau wanda ya iya taɓa wuyan hannu yana samun ilmi mai yawa daga gare shi. Sai dai abin da yatsa ke ji sakamako ne, watau jinin da aka riga aka tura. Umarnin da ya sa zuciya ta matsa har ta tura shi, wannan yatsa ba ya riskarsa.

Umarnin kuwa na lantarki ne. Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana lulluɓe da wata 'yar tantani, wadda ke tsare wasu nau'o'in gishiri a ciki, wasu a waje, har ya zama akwai bambancin lantarki na kimanin kashi 90 cikin dubu na bolt tsakanin cikin ƙwayar da wajenta. Idan lokacin bugu ya yi sai ƙofofin tantanin su buɗe, gishirin waje ya kwararo ciki, bambancin ya juye, maƙwabciyar ƙwayar ita ma ta karɓa ta miƙa gaba. A saman ɗakin zuciya na dama akwai wani ɗan ƙulli wanda shi ke fara wannan kira, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutawa. Kiran yana bazuwa cikin ɗakuna biyu na sama, ya iso wani ƙulli na biyu inda ake tsare shi kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa domin jini ya gama sauka, sa'an nan a sake shi ya gangara da sauri cikin ɗakuna biyu na ƙasa, su matsa gaba ɗaya. Haka ake yi kimanin sau dubu ɗari kowace rana, tun daga cikin mahaifiya har ranar da wa'adi ya cika. Da yake kuma jikin mutum galibinsa ruwa ne mai gishiri, wanda lantarki ke ratsawa, ɗan abin da ya tsere daga zuciya yana isa har tafin hannu da idon sawu.

Daga bokitin ruwan gishiri zuwa maɓallai goma

Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya shi ne ya buga sakamakon gwaje-gwajensa a kan ƙafafun kwaɗi a 1791, ya buɗe ƙofar wannan fanni. A 1887 Augustus Waller, a asibitin St Mary's na Landan, ya fara rubuta lantarkin zuciyar mutum, ko da yake zanen da ya samu bai fita sosai ba. Wanda ya kai al'amarin ga kamala shi ne Willem Einthoven na Jami'ar Laidin a ƙasar Holan. A 1901 ya bayyana wata na'ura wadda ruhinta wani zare ne siriri ƙwarai, an shafe shi da azurfa, an miƙe shi tsakanin ƙaƙƙarfan maganaɗisu, lantarkin zuciya na ratsa shi yana karkaɗawa, ana ɗaukar inuwar karkaɗawar a takardar hoto mai tafiya. Nauyin na'urar ya kai kusan kilo 270, sai mutum biyar sun taru take aiki, majinyaci kuwa yana zaune ya tsoma hannuwansa biyu da ƙafarsa ta hagu cikin bokitan ruwan gishiri. Da yake ba ta ɗaukuwa zuwa ɗakin marasa lafiya, a 1905 sai ya ja waya daga asibiti zuwa ɗakin bincikensa, tazarar kimanin kilomita ɗaya da rabi, yana karanta zuciyar wanda ba ya gani. Shi ne ya raɗa wa tudu da kwarin zanen haruffan P, Q, R, S da T waɗanda ake amfani da su har gobe, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1924.

Daga bokitan nan uku Einthoven ya fitar da mahanga uku. Ta farko ita ce bambancin da ke tsakanin hannun hagu da na dama. Ta biyu, tsakanin ƙafar hagu da hannun dama. Ta uku, tsakanin ƙafar hagu da hannun hagu. A 1934 Frank Wilson na Jami'ar Mishigan a Amurka ya haɗa wayoyin gaɓoɓin uku wuri ɗaya ta hanyar da za ta ba da matsakaicinsu, ya mai da wannan matsakaici madogara wadda ake gwada maɓallan ƙirji da ita. A 1938 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Ingila suka yi ittifaƙi a kan wuraren da za a riƙa ɗora maɓallan ƙirji, a 1942 kuma Emanuel Goldberger ya ƙaro mahanga uku, inda ake gwada kowace gaɓa da matsakaicin sauran biyun. Uku da uku da shida na ƙirji, goma sha biyu ke nan, kuma wannan shi ne gwajin da ma'aikatan asibiti ke kira ECG.

Ba a auna ɗaya sai da ɗaya

Duk mai lura zai ga cewa kalmar bambanci ta maimaitu a sama, kuma a nan ne asalin mas'alar yake. Mutum na iya tambaya: tun da yake yanzu akwai 'yan na'urori ƙanana masu aika saƙo ba da waya ba, me zai hana a liƙa ɗaya a hannun dama, ɗaya a na hagu, kowace ta auna nata lantarkin ta aika wa kwamfuta, kwamfuta ta ɗebe wannan daga wancan, a huta da tarin wayoyi? Jawabi shi ne, maɓalli guda ba shi da wani lantarki nasa da za a auna. Ƙarfin lantarki abu ne na nisba, ba ya tabbata sai tsakanin wurare biyu. Idan aka ce wuri kaza yana da bolt kaza, lalle akwai wani wuri na biyu da aka ƙaddara shi sifiri, ko an ambace shi ko ba a ambata ba. Na'urar da ta taɓa jiki a wuri ɗaya tak ba ta da abin da za ta faɗa. Shi ya sa agogon hannu na kamfanin Apple, wanda tun 2018 yake rubuta lantarkin zuciya, ba ya yi sai mai shi ya ɗora yatsan ɗaya hannun a kan maɓallin gefe na tsawon daƙiƙa 30: bayan agogon yana taɓa hannu ɗaya, yatsa ya kawo ɗayan, aka samu mahangar Einthoven ta farko.

Akwai wahala ta biyu. Jikin wanda ke kwance cikin ɗaki mai wayoyin wuta yana kwasar wani amo daga gare su, mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa bisa tsarin wutar Nijeriya, kuma wannan amo yakan ninka lantarkin zuciya sau ɗaruruwa. Bayan haka, a daidai inda ƙarfe ya haɗu da fata mai gumi wani ɗan batiri yana ƙulluwa da kansa, wanda shi ma yakan kai kashi 300 cikin dubu na bolt. To, ta yaya za a tsamo kashi ɗaya daga cikin wannan hayaniya? Rahamar da ke ciki ita ce, amon wayoyin yana hawa jiki duka kusan daidai wa daida, hannun dama da na hagu suna ɗauke da shi gwargwado ɗaya, alhali saƙon zuciya ya sha bamban daga gaɓa zuwa gaɓa. Idan aka ɗebe na dama daga na hagu, abin da suka yi tarayya a kai ya faɗi, abin da suka saɓa a kai ya rage, wannan saura kuwa shi ne rubutun zuciya.

Na'urorin dā suna yin wannan ɗebewa cikin waya, tun lantarkin bai zama lamba ba, sa'an nan su ƙara wa sauran ƙarfi. Na zamani suna iya bin wata hanya: a gwada kowane maɓalli da madogara guda, a juya sakamakon zuwa lambobi sau 500 ko fiye a kowace daƙiƙa, a bar wa kwamfuta hisabin. Misalin wannan shi ne na ɗan kasuwar hatsi wanda aka ajiye masa buhun gero biyu, aka ce ɗaya ya fi ɗaya da cikin cokali, aka nemi ya faɗi nauyin abin da ke cikin cokalin ta hanyar auna buhunan ya ɗebe. Lissafin ba shi da wuya, amma ba zai yi gaskiya ba sai sharuɗɗa huɗu sun cika. Na farko, sikelin biyu su kasance sun tashi daga sifiri ɗaya. Na biyu, su zama masu ganin ƙanƙanin abu, domin sikelin da ba ya motsi sai da rabin kilo ba zai san da cokali ba. Na uku, kada ɗaya ya yi wa ɗaya ƙari ko da kaɗan. Na huɗu, idan ana ta zuba gero ana kwashewa a buhunan biyu lokaci guda, lalle a karanta su cikin ƙiftawa ɗaya.

Haka al'amarin yake a jikin mutum. Sharaɗin sifiri ɗaya shi ne aikin maɓalli na goma, wanda ake ɗaurawa a ƙafar dama: ba ya shiga lissafin kowace mahanga, amma shi ke ɗaure na'ura da jiki a kan madogara guda, a na'urori da yawa ma ta nan ake mayar wa jiki kishiyar amon domin a rage shi tun daga tushe. Sharaɗin ganin ƙanƙanin abu ya samu ne da aka ƙera 'yan na'urorin juya lantarki zuwa lamba masu iya raba ma'auninsu gida fiye da miliyan 16. Sharaɗi na uku kuwa ga nauyinsa: idan amon ya kai bolt ɗaya, kuma hanyar maɓalli ɗaya ta fi ta ɗayan da kashi ɗaya cikin dubu kacal, abin da zai rage bayan ɗebewa daidai yake da girman saƙon zuciya baki ɗaya. Na huɗu shi ya sa ake ɗora dukan hanyoyin a kan agogo guda, domin amon da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa ba ya jiran wanda ya makara. Saboda haka faifan da ake liƙawa a ƙirji ya aika ba da waya ba, dole ne ya kasance yana da aƙalla baki biyu masu taɓa fata, ya auna bambancinsu a wurin, sa'an nan ya aika da shi.

Abin da hisabi ke iyawa da abin da ba ya iyawa

Idan sharuɗɗan nan sun cika, hisabi yana yin aiki mai ban sha'awa. Tun zamanin Einthoven aka san cewa mahanga ta farko da ta uku in an tara su suna ba da ta biyu, domin wanda ya tashi daga hannun dama zuwa na hagu, ya zarce zuwa ƙafa, ya isa inda wanda ya miƙe daga hannun dama zuwa ƙafa ya isa. In a wani lokaci ta farko ta nuna 4, ta biyu ta nuna 10, ba sai an auna ta uku ba, 6 ce. Haka mahanga ukun Goldberger, duk ana fitar da su daga biyun farko da tarawa da ɗebewa da rabawa biyu. Saboda haka na'urar yau mahanga takwas take aunawa a haƙiƙa, biyu na gaɓoɓi da shida na ƙirji, sauran huɗun lissafi ne. Amfaninsu ga idon likita ne, domin ciwon da ya ɓuya ta wannan fuska yakan fito fili ta waccan, amma ba su ɗauke da wani labari wanda babu shi cikin takwas ɗin.

Masu auna lantarkin ƙwaƙwalwa sun fi kowa morar wannan hikima. Hans Berger na Jamus ya fara wannan awo a 1924, ya buga sakamakonsa a 1929, kuma saƙon da ake nema a can ya fi na zuciya ƙanƙanta sau goma har zuwa sau ɗari. Ana liƙa maɓallai kamar ashirin a fatar kai domin binciken farfaɗiya da makamantanta. A zamanin alƙalami da takarda, ma'aikaci ne ke zaɓen wane maɓalli za a gwada da wane tun ana cikin awon, kuma abin da ya zaɓa shi ke nan. Yanzu ana rubuta kowanne bisa madogara guda a adana, likita ya zo daga baya ya jera su yadda ya so, ya gwada kowane da maƙwabcinsa ko da matsakaicin duka, har ya gano daga wane ɓangaren ƙwaƙwalwa fitinar ke tasowa. Garin da yake da asibitin masu taɓin hankali irin Kazaure, inda iyalai ke kawo masu faɗuwa bayan sun gaji da neman magani wurare dabam-dabam, ya san darajar abin da zai rarrabe farfaɗiya da wasu cututtukan da suka yi kama da ita.

Masu jego

Mun tsawaita bayanin nan ne saboda wata cuta da ta addabi matan arewa maso yammacin Nijeriya fiye da kusan ko'ina a duniya. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, ana cikin wankan jego, sai ƙafafunta su soma kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta, tari ya hana ta barci, ta kasa ɗaukar ko da tulun ruwa. A gida akan ce sanyi ne ya kama ta, ko kuma jego ne bai karɓe ta ba, a ƙara zafin ruwa, a ƙara kanwa a kunu. Alhali kuwa tsokar zuciyarta ce ta saki, ɗakin hagu na ƙasa ya buɗe ya kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da gaɓoɓi.

Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata fiye da ɗari biyu masu wannan cuta tun daga ƙarshen shekarun 1960, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi a Sakkwato da Kano daga baya ya nuna tana kama kimanin mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a manyan asibitocin da aka duba. Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike da ya haɗa asibitoci da yawa na ƙasar nan, wanda ya nuna cewa mafi yawan masu cutar daga arewa maso yamma suke, kuma talauci da rama da hawan jini na ciki sun fi al'adun jego alaƙa da ita. Bincikensa ya kuma jawo hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin waɗannan mata. Ko wane ne sababin, magunguna suna nan, kuma wadda aka gano da wuri tana da kyakkyawan zaton zuciyarta ta farfaɗo.

Abin da ke tabbatar da cutar shi ne hoton zuciya, wanda ke bukatar na'ura mai tsada da ƙwararren likita, irin waɗanda galibi sai an je Kano ko Dutse ake samu. Ba zai yiwu a kwashi kowace mai jego ta Roni ko Gwiwa mai kumburin ƙafa a kai ta can ba; abin bukata shi ne hanyar tace wadda ya wajaba a tura. Tsakanin 2022 da 2023 aka yi wani gwaji a asibitoci shida na Nijeriya, cikinsu har da na Aminu Kano da asibitin Rasheed Shekoni na Dutse, tare da likitocin Mayo Clinic ta Amurka ƙarƙashin Dakta Demilade Adedinsewo. An raba mata masu ciki da masu jego kimanin 1,200 gida biyu: rabi aka duba su yadda aka saba, rabi kuma aka ƙara musu da wani abin sauraren ƙirji na zamani, wanda ke ɗaukar sautin zuciya da lantarkinta lokaci guda ya miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ta tantance. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature Medicine a 2024 ya nuna cewa a rukuni na biyu an gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda aka gano a na farko. Abin da a zamanin Einthoven sai mutum biyar, yanzu yana shiga aljihun ungozoma.

Hannu da ido

Sai dai kada a ruɗu da sauƙin na'ura, domin kwamfuta abin da aka ba ta shi take lissafawa, kuma ba ta san inda aka ɗora maɓalli ba. Ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta tana kwantar da mai jego a rigingine, ta sakaya ta, ta bar ta ta natsu, ta goge man shafawa daga wuyan hannu da idon sawu da auduga, domin fatar hunturu busasshiya da aka lafta wa basilin ba ta barin lantarki ya wuce. Sa'an nan ta laluba haƙarƙari da yatsa tana ƙirgawa daga sama har ta iso rami na huɗu, ta ɗora maɓalli na farko a gefen dama na ƙashin ƙirji, na biyu a gefen hagu, na huɗu a rami na biyar daidai tsakiyar ƙashin da ya gitta ƙasan wuya, na uku tsakanin na biyu da na huɗu, na biyar da na shida kuma su bi layin na huɗu zuwa ƙarƙashin hamata. In majinyaciya na rawar sanyi, a lulluɓe ta tukuna, domin tsokar da ke makyarkyata ita ma lantarki take fitarwa, zanen ya cika da ƙaya. In layin ya yi kauri da 'yan haƙora masu tazara ɗaya, amon wuta ne. A cire cajar waya daga kusa da gado, ko a bar na'urar ta yi aiki da batirinta. In kuwa aka musanya wayar hannun dama da ta hagu, mahanga ta farko za ta fito a kife, hisabi ya bi kuskuren ya rarraba shi cikin sauran mahangar gaɓoɓi ba tare da wani tarnaƙi ba, har a iya laƙaba wa mai lafiya ciwon da ba ta da shi.

Takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, an zana ta gida-gida, babban gida ɗaya kashi ɗaya cikin biyar ne na daƙiƙa, ta yadda in aka ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin tsini da tsini aka raba 300 da su, an sami yawan bugu a minti: gida huɗu, bugu 75, gida biyu, bugu 150, wannan kuwa a mai hutawa abin gaggawa ne. Ilmi ne da ake koya cikin makonni a goge shi cikin shekaru. Wajibi ne kuma mai karantawa ya san haddin abin da ke hannunsa, domin takarda na iya fitowa ba wani babban aibi alhali zuciyar ta raunana, kuma hukuncin da na'ura ke bugawa a saman takarda shawara ce, wadda likita zai gwada da abin da idonsa ya gani da abin da majinyaci ya faɗa.

Wannan yanki bai rasa inda za a reni irin waɗannan hannuwa ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon ilmin kwamfuta ta jiha. A Babura akwai makarantar koyon jinya da ungozoma, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ɗalibin lantarki da ya fahimci abin da ya sa maɓallin ƙafar dama yake wurin zai iya gyara na'urar da aka jingine a lungun asibiti saboda waya ɗaya ta tsinke. Ɗalibar ungozoma da ta iya ƙirga haƙarƙari za ta iya ɗaukar rubutu mai tsabta a ƙauyen Gwiwa, ta aika hotonsa ta wayar hannu ga likita a Kano, amsa ta dawo kafin dangin mai jego su gama shawarar kuɗin mota. Malamanmu sun ce koyon ilmin likitanci farilla ce ta kifaya, in wasu suka ɗauke ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A ganinmu sanin ɗora maɓallai goma da karanta abin da suka rubuta ya shiga cikin wannan hukunci, kuma ya kamata kowace cibiyar lafiya da ake karɓar haihuwa a cikinta, daga Roni har kan iyakar Babura, ta kasance tana da aƙalla mutum ɗaya da ya sauke wa jama'arsa wannan farilla.